SUKUWA DA DUKUSHI: ABIN DA YA KAMATA MAI KIWO DA FALKE SU SANI

Jawabin da ɗaya daga cikin jami'an ƙungiya ya gabatar wa makiyaya da fataken dabbobi a Dapaong.

Ya shugaban wannan taro, iyayenmu arɗaɗe da sarakunan zango, malaman dabbobi, 'yan'uwana makiyaya da fataken shanu, musamman waɗanda suka taso tun daga Sokode, tafiyar kusan kilomita 300, ina yi wa kowa barka da zuwa.

An ba ni dama in yi magana a kan doki. Na san akwai mai cewa a ransa, mu da muka zo maganar burtali da mashaya, me ya haɗa mu da doki? To, amsar ita ce ta hannunmu doki yake ratsa ƙasar nan. Mu ne muke ganinsa a kasuwannin arewa, mu ne muke yin cinikinsa, sau da yawa ma a motar shanunmu ake loda shi a gangara da shi kudu. Mai sayensa a Sokode bakin falke yake saurare. In falke ya ce dokin nan ya isa hawa, shi ke nan an ɗaura masa sirdi. Don haka in ƙafarsa ta lalace tun bai shekara uku ba, muna da hannu a ciki, ko mun so ko mun ƙi.

Kowa ya san matsayin doki a Sokode. Tun zamanin da ayarin Hausawa ke bi ta Jugu su ratsa ƙasar Kotokoli zuwa Salaga sayen goro ake shigo da dawaki wannan yanki, kuma mahayan Semasi da doki suka yi suna. Har gobe, in aka zo bikin Adosa a watan Mauludi, fitowar mahaya tana cikin abin da ke tara jama'a. Haka abin yake a Gani ta Nikki da ta Jugu, haka a hawan sallah na Kano da Katsina da Zazzau. Ban zo don in kushe wannan ba. Ni kaina ina son in ga ingarma ya fito da ado. Abin da na zo faɗa shi ne, yanzu an shiga hanzari. Samari suna son dokin da zai yi gudu bana, ba baɗi ba, kuma dukushi ya fi babban doki arha. Sai a saye shi yana ɗan wata 18 ko shekara 2, a ɗora masa ƙaton mutum, a kai shi fage.

Bari in fara da abin da kowa a nan ya fi ni sani. A nan ƙasar Dapaong ana noma da shanu ƙwarai. Akwai wanda zai ɗauki ɗan maraƙin da bai fidda haƙori ba ya rataya masa garma ya wuni yana huɗa da shi? Babu. Ana jira sai bijimi ya yi ƙwari, sannan a fara koya masa da jan icce kafin ya ga garma. To, me ya sa abin da ba mu yi wa sa, muke yi wa doki, alhali gudun da doki yake yi ya fi jan garma wahalar da ƙafa?

Shi ma doki shekarunsa a bakinsa suke. Dukushi yana da haƙoran nono, ƙanana farare, shida a sama shida a ƙasa. In ya kai shekara 2 da rabi sai na tsakiya su faɗi, manya su fito. A shekara 3 da rabi na kusa da su su sauya. A shekara 4 da rabi na gefe su sauya. Sai ya shekara 5 ne bakinsa yake cika, kuma wajen shekara 4 zuwa 5 ne fiƙa take fito wa namiji. Haƙorin girma ya fi na nono faɗi da tsawo, kuma launinsa ya ɗan yi rawaya. Duk wanda ya iya buɗe bakin saniya a kara ya iya wannan, bambancin kawai shi ne doki yana da haƙoran gaba a sama, saniya ba ta da su. Akwai wuri guda da ake ruɗin masu saye: bakin dukushi mai shekara 2 cike yake da haƙoran nono, a jere reras, sai a nuna wa wanda bai sani ba a ce masa ga baki ya cika, ɗan shekara 5 ne. Mun san ana yi, kada mu ɓoye wa juna.

Yanzu ga abin da ido ba ya gani. A ƙarshen kowane dogon ƙashi na dukushi akwai wani wuri mai taushi, guringuntsi ne, ta nan ƙashin yake ƙara tsawo. Duk mahaucin da ya taɓa fasa ƙashin maraƙi ya ga wannan. Waɗannan wurare ba rana ɗaya suke daskarewa ba. Daga ƙasa suke farawa su yi sama. Na kusa da kofato sukan rufe tun dukushi bai shekara ba. Na saman gwiwar gaba sai wajen shekara 2 zuwa 2 da rabi. Na ƙashin baya kuwa, wato daidai inda muke ɗora sirdi mu zauna, su ne na ƙarshe, sai doki ya kai shekara 5 ko 6. Saboda haka kana iya ganin dukushi ya yi tsawo, ya yi sheƙi, yana haniniya yana tonon ƙasa, amma gadon bayansa bai gama nuna ba.

Sannan ku dubi ƙafar doki daga gwiwa zuwa kofato. Babu nama a wurin, ƙashi ne da jijiya da fata. In yana sukuwa, akwai lokacin da duk nauyinsa da na mahayinsa yake sauka a kan ƙafa guda. Abin da ya fi samun dukushi shi ne ciwon ƙwauri: ƙashin yana yin 'yan tsage-tsage ƙanana da ba a gani, gaban ƙwaurin ya yi zafi ya kumbura, in ka taɓa ya janye ƙafa. In aka ba shi hutu na wasu makonni yakan warke. In aka ci gaba da kora shi, tsagar sai ta girma, wata rana ƙashin ya ɓalle ana tsakiyar gudu. Jama'a su ce tsautsayi ne. Ba mu musun ƙaddara, amma tsagar nan ta yi wata da watanni tana sallama ba a amsa ba.

Jijiyar bayan ƙwauri ita ce ta fi ban tausayi. In ta yage, wurin ya kumbura ya lanƙwashe kamar baka, warkewarta kan ɗauki wata 9 zuwa shekara, kuma ko ta warke ba ta komawa kamar da, saurin sake yagewa gare ta. Karaya kuwa, kun san ɗorin doki ba kamar na akuya ba ne. Akuya takan yi tafiya da ƙafa uku har ta warke. Doki nauyi gare shi, ba ya iya doguwar kwanciya, in kuma ya jingina nauyinsa a kan ƙafa mai lafiya, sai kofaton wannan ya kamu da ciwo daga ciki. Shi ya sa karayar doki, mafi yawan lokaci, ƙarshenta wuƙa.

Yaranmu suna kallon tseren Turai da Amurka a waya, kuma na ji da kunnena suna cewa ai Turawa ma da 'yan shekara 2 suke tsere. Gaskiya ne. Babban tseren Dabi na Ingila, wanda aka fara a 1780, na 'yan shekara 3 ne, haka ma na Kentaki a Amurka, kuma tun suna shekara 2 ake fara fitar da su. Amma bari mu ga abin da yake faruwa a can. A 2006 wani doki mai suna Barbaro ya ci tseren Kentaki. Bayan mako biyu, a tsere na gaba, ƙafarsa ta baya ta dama ta karye tun farkon gudu. Manyan likitoci suka yi masa aiki, aka kashe kuɗin da zai sayi garke, aka yi wata takwas ana fama, daga ƙarshe ciwon kofaton nan da na faɗa ya kama shi, aka kashe shi a watan Janairu na 2007. A 2008 wata goɗiya mai suna Eight Belles ta zo ta biyu a wannan tsere na Kentaki, tana wuce layi ƙafafunta na gaba duka biyu suka karye, a nan fagen aka kashe ta a gaban jama'a. Daga ƙarshen 2018 zuwa tsakiyar 2019 dawaki 30 suka mutu a filin Santa Anita da ke Kalifoniya. A 2023 wasu 12 suka mutu cikin 'yan makonni a filin da ake tseren Kentaki, har aka dakatar da tsere a can aka mai da shi wani fili. Tun a 2020 majalisar Amurka ta kafa doka ta musamman a kan lafiyar dawakin tsere da magungunan da ake ba su.

Akwai kuma wani ɓangare da ya wajaba in faɗa, don kada wani mai karatu ya tare ni a waje. Su Amurkawa suna rubuta kowane dokin da ya mutu a fage. Lissafinsu ya nuna a 2009, in aka saki doki sau 1,000, ana rasa 2. Zuwa 2023 abin ya sauko ƙasa da ɗaya da rabi. Kuma wannan lissafi ya nuna 'yan shekara 2 ba su fi manya mutuwa ba, hasali ma manyan sun fi. Likitocinsu sun ce ƙashin dukushi yana ƙara ƙwari in ana motsa shi daidai gwargwado, kaɗan-kaɗan, ana ƙarawa sannu a hankali tare da hutu. Wato maganar iyayenmu ce, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na yarda da wannan. Ɗaure dukushi a turke dare da rana har ya shekara 4 shi ma cuta ce, ƙashinsa ba zai yi ƙarfi ba. Amma tanƙwarawa daban, karyawa daban.

Ku kwatanta da kanku. Dokin tseren Turawa yakan kai kilo 450 zuwa 500, kuma an yi fiye da shekara 300 ana zaɓen irinsa don gudu. A tseren Kentaki nauyin da yake ɗauka, mahayi da sirdi gaba ɗaya, kilo 57 ne, wajen kashi ɗaya cikin takwas na nauyinsa ke nan. Filin da yake gudu ana kaftarsa ana yayyafa masa ruwa. Likita yana duba shi kafin ya fita, akwai na'urar ɗaukar hoton ƙashi. Duk da haka ga abin da na lissafa muku. To, mu fa? Dokinmu ƙarami ne. A ce dukushi yana da kilo 250. A ce mahayi kilo 70 ne, sirdinmu na gargajiya da likkafa da kayan ado a ce kilo 15. Ka ga kilo 85 ke nan, sulusin nauyin dabbar. Masana sun ce ko babban doki bai kamata ya ɗauki abin da ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa ba.

Sai fage. Da rani jar ƙasar nan tamu kamar dutse take, wani wuri ga tsakuwa, wani wuri ga rami. Wasu yaran ma a kan kwalta suke sukuwa, motoci na wucewa. Sannan ga zamiya, wadda ita ce ke sa 'yan kallo guɗa: a taho a guje, a fizgi linzami, doki ya durƙusa a kan ƙafafun baya. Babban ingarma da aka horar yana iya jurewa. Dukushi kuwa, gaɓoɓin ƙafarsa ta baya da ƙugunsa ne suke biya. Kuma linzaminmu mai zobe, kun san kaifinsa. A sa shi a bakin da ke famar sauya haƙori, sai ka ga kumfa da jini, a ce wai doki ne mai zafin kai.

Akwai abin da ya shafe mu kai tsaye, mu masu kawowa. Dukushin da ya taso a arewa inda babu ƙudan tsando, aka loda shi a mota ya kwana a tsaye, aka sauke shi a ƙasar Sokode mai kurmi da rafuka, sammore na jiransa. Doki ba ya jure sammore kamar shanun kudu. Jininsa ya ragu, ga tsutsar ciki, ga baƙon ruwa, sai kuma a ce saura kwana goma biki. Dabbar da ta gaji ita ce take tuntuɓe, wadda ta yi tuntuɓe a guje ita ce take karyewa.

Wajen ci ma akwai gyara. Mai doki yana son ya ga ya yi ƙiba da wuri, sai ya cika masa dusa da dawa. Dusa zalla, in ta yi yawa, tana hana ƙashi samun sinadarin da yake gina shi, har ƙashin fuska ya kumbura, na ƙafa ya yi rauni. Harawar wake da ta gyaɗa su ne suke cike wannan gurbi, don haka kada a raba dukushi da harawa da ciyawa mai kyau da gishiri. Hatsi mai yawa a lokaci ɗaya kuma yana kawo ƙullewar ciki da ciwon kofato.

Bara waccan, a wata kasuwa da ba zan ambata ba, na ga wani dukushi gunya, kyakkyawa, an kawo shi sayarwa. Na buɗe bakinsa, haƙoran tsakiya ne kaɗai suka sauya, bai cika shekara 3 ba. Gwiwoyinsa biyu sun kumbura kamar an cusa lemo, bayan ƙwaurin hagu ya yi baka, duk an bi shi da lalas, ga miki a gadon baya. Yaron da ke riƙe da shi ya ce mini sau uku yana cin tsere. Babu mahayin da ya taya. Wanda ya saye shi a ƙarshe ba don hawa ya saya ba. Dokin da aka kula da shi yana iya yin aiki har ya wuce shekara 15. Wannan an cinye shi a damina biyu.

Wannan ya kawo ni ga magani, kuma a nan ina roƙon ku kasa kunne. Ciwo shi ne yake gaya wa doki ya rage gudu. In aka yi masa allurar kashe zafi, ko aka jiƙa masa tiramol a ruwa kamar yadda wasu suke yi, ciwon bai tafi ba, bakinsa kawai aka toshe. Doki zai yi gudu a kan ƙashi mai tsaga har ya ɓalle, kuma wanda ke kansa, sau da yawa yaro ne ɗan shekara 12 ko 13 da aka zaɓa saboda rashin nauyi, babu hular kwano, shi ne zai fara isa ƙasa. Ɗan wani ne. Har ila yau, ba kowane maganin shanu ne yake yi wa doki ba. Maganin kaska mai suna amitraz, wanda muke wanke shanu da shi, guba ne ga doki, yana tsayar masa da hanji. Allurar sammore ta shanu ma doki ba ya ɗaukarta yadda sa yake ɗauka, kada a yi masa da ka, a nemi malamin dabbobi. Lalas kuwa ba ya ɗinke jijiya, ƙuna kawai yake ƙarawa. Kuma doki yana da saurin kamuwa da ciwon sarƙe haƙora ta hanyar rauni, ko na ƙaimi ko na ƙusa, alhali akwai allurar rigakafinsa.

Abin da nake ba da shawara ba sabo ba ne, tsofaffin 'yan barga sun san shi. Daga yaye zuwa shekara 2, a bar dukushi ya yi guje-gujensa a sake, a saba masa da ragama da ja da ɗaga ƙafa. In haƙoran tsakiya suka sauya, a fara sa masa sirdi marar nauyi, a ja shi da shi. A shekara 3, yaro mai hankali ya hau shi kilisa, tafiya da ɗan sassarfa a kan rairayi, da safe ko da yamma, ba da tsakar rana ba. A shekara 4 a fara gajeriyar sukuwa, ba kullum ba. Tsere na sosai da zamiya da ɗaukar babban mutum, a bari sai baki ya cika. Kowace safiya a shafa ƙafafu huɗu da hannu daga gwiwa zuwa kofato. In wata ta fi 'yar'uwarta zafi, ko ta kumbura, ko doki yana kaɗa kai in yana sassarfa, to a sauke sirdi. A zuba wa wurin ruwan sanyi na minti 15 zuwa 20 safe da yamma, a ba shi hutu, in kwana uku suka wuce bai sauka ba a kira likita. In kuwa ya ƙi taka ƙafar sam, ba a jira.

Na san abin da ke zuciyar falke, don ni ma a kara na tashi. Riƙe dukushi shekara biyu yana ci ba ya kawo komai, kuɗi ne. Ba na cewa kowa ya riƙe. Sayar da shi, amma ka faɗi shekarunsa na gaskiya, ka buɗe bakin a gaban mai saye, ka gaya masa na kiwo ne, ba na fage ba tukuna. Wanda ka sayar wa dukushi da sunan babban doki, ya gurgunce masa cikin wata shida, ba zai sake aiko maka da saƙon shanu ba, kuma labari daga Sokode zuwa Sinkase ba ya kwana a hanya.

Saboda haka ina gabatar wa wannan taro buƙata guda biyu, a tattauna a kansu kafin a tashi. Ta farko, dillalanmu a kowace kasuwa su yarda cewa ba za a ƙulla cinikin doki ba sai an buɗe bakinsa a gaban shaidu, kamar yadda ake yi wa sa. Ta biyu, mu tura wakilai su gana da shugabannin mahaya da masu shirya hawa a Sokode da Mango da nan Dapaong, cikin ladabi, mu roƙe su a riƙa tsayar da dattijo guda da malamin dabbobi guda a bakin fage: dokin da ke da sauran haƙorin nono ya shiga jerin ado amma kada ya shiga tsere, mai ɗingishi kuma a mai da shi gida ko na wane ne. 'Yan'uwanmu na Sokode su ne suka san ƙofar da za a bi, don haka, ya shugaba, ina roƙon a fara ba su dama su yi magana.